Sista Rifkatu, wadda ta haɗa mini idanuna

Labarin ya iso ni da safen nan ina riƙe da kofin kunu. Sista Rifkatu ta rasu.

Keziya ce ta kira ni, jikar ƙanenta da ke jinyarta a unguwar Badariya, Birnin Kebbi. Ta ce, "Baba, Kaka ta cika da asuba. Gobe za a binne ta. Ban san wa zan kira ba in ba kai ba."

Maganar nan ta ƙarshe ce ta hana ni sakat. Matar da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana leƙa idanun 'ya'yan mutane daga Argungu har Birnin Kebbi, yau ana neman wanda zai tsaya a bakin kabarinta. Shi ya sa na ɗauki wayar nan in rubuta muku, duk da yatsuna ba sa son ta.

Yawancinku kun san ni da Malam Manu, tsohon hedimasta mai faɗa. Ba ku san saura ƙiris a cire ni daga makaranta don na kasa karatu ba.

A shekarun samun 'yanci ne, lokacin da aka raba mana 'yan tutoci kore da fari muka yi ta maci cikin rana. Ina firamare a Argungu. In malam ya faɗi abu da baki, na riƙe shi kamar sunana. Amma a buɗe mini littafi, ina yin 'yan layuka sai baƙaƙen su fara rabuwa, kowane ya zama biyu, layin sama ya hau na ƙasa, goshina ya ɗau ciwo. Sai in kwantar da kai bisa hannu in toshe ido ɗaya, don da ido ɗaya rubutun yana tsayawa. Malamin ajinmu ya ɗauka barci nake. Na sha bulala, kai, na sha ta.

Na gaya wa Baba idona ne. Ya ajiye zaren da yake gyaran homarsa ta kamun kifi da shi, ya dube ni. "Kai da ka hangen jirgina tun daga ƙetaren gulbi, har ka faɗi wa ac ciki? Idonka lahiya lau shi ke. In jarrabawar ƙarshen shekara ta zo ba ka yi komi ba, ka dawo ruwa. Gora da homa na jiran ka."

Masunci ne, ba mugu ba. A wurinsa ido mai lafiya shi ne mai ganin nesa, kuma duk unguwarmu haka suka ɗauka.

Ban taɓa jin kaɗaici irin na lokacin nan ba. Aji cike da yara, kowa na ganin abu ɗaya a takarda, ni kaɗai ina ganin biyu, kuma babu wanda ya yarda.

Sai ga Sista ta zo makarantarmu bisa keke, duba ciwon ido. Budurwa ce a lokacin, 'yar wajen Jos, da farar hula da Hausarta wadda muke yi wa dariya a ɓoye. Na karanta mata manyan baƙaƙen allo daga nesa tsaf. Har ta ce in tafi, sai ta ga na koma benci na toshe ido. Ta kira ni, ta ɗaga fensir tana matso da shi a hankali wajen hancina. Can ta tsaya.

"Nawa kake gani?"

Na ce, "Biyu."

"Na yarda. Na ga idonka na hagu ya gudu waje."

Wallahi sai na fashe da kuka a gaban 'yan ajinmu. Ita ce ta fara ce mini ta yarda.

Ta bayyana mini cewa idanuna lafiyarsu ƙalau, sai dai ba su iya haɗuwa kan abu na kusa ba, kuma ana koya musu kamar yadda ake koya wa shanun huɗa tafiya tare. Babu magani, babu tabarau. Ta sa na kawo zaren homa daga gida, ta zura masa duwatsun wuya, ta ce in ɗaure bakinsa ɗaya a jikin ƙofa, ɗayan in riƙe a kan hancina. In kafa wa dutse ido har ya zama ɗaya, in matso da shi, in sake. Kullum, kafin karin kumallo.

To, a nan aka samu matsala. Inna ta fito ta gan ni idanu sun karkato wajen hanci, ta saki salati. A garinmu ko da wasa yaro ya yi haka sai a make shi, don an ce idon zai tsaya a nan. "Wagga baƙuwa za ta maishe min ɗa harara-garke!" Ta sa wuƙa ta yanke zaren, duwatsu suka watse tsakar gida.

Da Sista ta ji, ba ta aiko ba, da kanta ta zo. Ta jingine keke a zaure, ta durƙusa ta gaida Inna, ta zauna bisa tabarma ta taya ta tsintar shinkafa, ba ta ce komai a kaina ba. Sai da hira ta yi daɗi ta fito da allura da zare da ɗan madubi. "Inna, don Allah zura mini, idona ya gaji." Inna ta kawo allurar dab da fuskarta. Sista ta tura madubin gabanta. "Dubi idanunki, Inna."

Inna ta duba, ta ɗaga kai, ta sake dubawa. Ta ce, "Ikon Allah! Ashe ni ma haka ni ka yi?"

"Tun kina yarinya. Ya tsaya?"

Washegari Inna ce ta tsinto duwatsun, ta ɗaure zaren da hannunta.

Kafin jarrabawa aka yi wa Sista canjin wurin aiki zuwa Birnin Kebbi. Na ci gaba ni kaɗai da ƙofata, wata bayan wata. Wata safiya na karanta shafi guda har ƙasa, baƙaƙen ba su motsa ba, na waiga babu wanda zan gaya wa ya gane. Na ci jarrabawar. Baba kuwa sai ya ba ƙanena gorar kamun kifin.

Da na zama malami, duk yaron da na ga yana toshe ido ɗaya, wurinta nake aika shi. Ba ta taɓa mayar da ko ɗaya ba. Wasunsu yanzu manya ne, ina ganin hotunansu a nan cikin manyan riguna.

Bayan daminar da ta wuce na je Badariya, ashe ganinmu na ƙarshe ke nan. Idanunta sun tafi gaba ɗaya. Mijinta ya daɗe da rasuwa, Allah bai ba su haihuwa ba. Ta shafa fuskata ta ce, "Manu, kai ma ka tsufa." Na ce ai ni ma gidan ya yi mini faɗi tun da matata Hajiya ta rasu, abokan ajinmu kuma duk sun riga ni. Sai ta ce, "Can gida an manta da ni, nan kuma har yau Sista baƙuwa ce. Ranar da na mutu wa zai zo?"

Na ce, "Ni."

"Kai ɗaya?"

Na ce, "Haba, Sista, mutane za su cika wurin." Ta yi murmushi kawai. Ba ta yarda ba.

Ni Musulmi ne, ita Kirista ce, kuma kada wani ya zo mini da wa'azi a ƙarƙashin rubutun nan, na girme shi. Allah, Kai Ka san abin da baiwar nan taKa ta yi wa 'ya'yan mutane, hukunci naKa ne. Ka ba Keziya haƙuri, Ka sa kada alherin Sista ya ƙare da ita, mu kuma Ka sa mu cika da kyau.

Ku taya ni da addu'a, kowa yadda addininsa ya koya masa. Wanda kuma ya san ta taɓa duba idonsa, ko na ɗansa, gobe da hantsi ne a Birnin Kebbi. Zan shiga motar farko daga Argungu. In kun ga wani tsoho da sanda yana tsaye gefe, ni ne. Don Allah ku zo ku tsaya kusa da ni, na riga na gaya mata za ku zo.