Lallen da Goggo ta kai asibiti

Goggona, yayar mahaifina, ta shafe shekaru tana yi wa amare lalle a Roni. Bayan an yi mata aikin ciwon daji a nono, likita ya ce saura gashi da na'ura. Ni na raka ta asibiti, don ina koyarwa a Kazaure kuma lokacin muna hutu.

Kalmar gashin ce ta fara tsorata ta. Tun a mota take tambayata, "Ke 'yar nan, wuta za su hura mini?" Na ce haske ne daga na'ura, ko zafinsa ba za ta ji ba. Ni ma a bakin likita na ji.

Asibitin yana da nisa, na'urar kuma ɗaya ce tak, ga jama'a daga jihohi daban-daban. Ranar farko aka auna ta, wata ma'aikaciya ta yi mata zane a ƙirji da alƙalami, ta ce nan hasken zai riƙa sauka, kada a bari ya goge. To, bazara ce. Kafin kwana uku gumi ya cinye rabinsa. Ma'aikaciyar ta ce idan ya ɓace gaba ɗaya sai an sake awo, layin awon kuwa sai a yi makonni ana jira.

Goggo ta dubi ƙirjinta ta ce, "'Yata, wannan tawadar taku ba ta da ƙarko. Me zai hana ki bi ta da lalle?"

Ma'aikaciyar ta yi dariya, amma ta je ta tambayi likita. Ya ce in dai jan lalle ne zalla, ba baƙin nan mai haɗi ba, a gwada. Goggo ta kwaɓa da kanta a masaukinmu, ta nuna wa ma'aikaciyar yadda ake fitar da siririn zane da tsinke. Ya kama, bai ƙara ba mu wahala ba. Wata mata daga Babura da ke bayanmu a layi ita ma aka yi mata.

Sau ɗaya na'urar ta tsaya kwana huɗu. Muka jira har aka gyara, Goggo ta ƙarasa gashinta.

Ta dawo gida a rame, fatar wurin ta yi duhu. Da damina ta faɗi na je dubiya, na tarar da ita a bayan gida tana shuka kuɓewa, tana yi wa kaji faɗa. Har yanzu mukan koma asibitin a duba ta.