Kififiyar Mma Safia

A Gaya aka haifi Mma Safia, bakin kogin Kwara, gidan masunta. Tun ba ta iya tuƙa tuwo ba ta iya ɗinke raga, don a gefen ubanta take wuni. Aure ya kawo ta Kumasi, gidan Boukari mai goro, ta zauna a unguwar Zongo har harshenta ya cika da yaren Twi. Da Boukari ya rasu, 'yarta ta tafi aikatau ƙasar Larabawa, ɗanta kuma yana gyaran mota a Suame, sai Sallah take ganinsa. Ta rage ita kaɗai a ɗakin ƙurya na gidan haya, gida cike da mutane, amma gaisuwa ce kawai ke haɗa su.

Seini ne ya kawo mata aiki. Badagombe ne, direban wasu malaman jami'a da ke zuwa wani dam a bayan gari suna kafa raga, su duba irin kifayen da suka saura a ruwan. Ragarsu kullum a yage take dawowa. Ya ji labarin tsohuwar a wajen mai koko, ya zo da buhu a kafaɗa.

Ta shimfiɗa ragar a baranda, ta duba yagewar. "Wannan ba kifi ba ne. Kififiya ce."

"Shi ne, Mma," in ji Seini da Hausarsa ta Zongo. "Kunkurun ruwa. Yana shiga, ba ya iya fitowa sha iska. Da safe wani mun same shi ya mutu. Madam, shugabanmu, ba ya jin daɗi sam."

Daga nan duk mako sai ya zo. Ta riƙa dafa shayi tun kafin ta ji ƙarar motarsa, shi kuwa yakan sha a tsaye.

Wata ranar damina, bayan ya tafi, tana warware ragar sai wani ƙulli ya motsa. Ƙaramar kififiya ce, ba ta fi tafin hannu biyu ba, an naɗe ta cikin ciyawar ruwa ba a lura ba. Zare ya yanke mata ƙafar gaba. Mma Safia ta kwance ta a hankali, ta zuba ruwan sama a baho, ta sa dutse a tsakiya, ta kai ta ɗaki.

"Eii, Mma, wane irin aboa ne wannan?" in ji wata maƙwabciya, wato dabba da Twi, ta janye ɗanta daga ƙofar. Daga ranar yara suka daina leƙo ta. Ita ko a jikinta. Tana tono tana a gindin ayaba, tana marmasa kifi busasshe. In ta idar da sallar la'asar sai ta jawo kujera gaban bahon, ta yi ta magana da Hausar Gaya wadda ta daɗe ba ta samu mai ji ba. Ta ba ta labarin jirgin ubanta, da yadda kogi ke hawa har gindin mangwaro. Kififiyar takan fito da hanci saman ruwa, ta koma.

Ta ɓoye wa Seini har ƙafar ta warke. Amma dabbar ta daina ci, sai karce bahon take yi da farce ba hutu. Mma Safia ta kira shi ciki ta nuna masa.

"Kawo, Mma, gobe zan sake shi."

"Da ni za ka tafi."

Washegari ta zauna bayan motar da bokiti a cinya. Da suka isa, ta tsaya tana kallon dam ɗin. Rabonta da ruwa mai faɗi haka tun tana amarya. Ta cire takalmi, ta tattare zane, ta shiga har gwiwa, ta karkata bokitin. Kififiyar ta nutse cikin laka, shi ke nan. Tsohuwar ba ta fito ba sai da yayyafi ya jiƙe mata mayafi.

A hanyar dawowa Madam, shugabar malaman, ta yi mata godiya, ta ce sun daina raga. Tarko za su koma sawa, mai barin sarari a sama, don kififiya ta samu iska.

"Hakan ya fi," in ji Mma Safia. Ta gane Seini ba zai sake zuwa ba.

Zazzaɓi ya kwantar da ita bayan nan, ba wanda ya sani a gidan. Kausara mai koko ce ta ga kwanon tsohuwar bai zo ba, ta biyo sawu ta tura ƙofa. Tun daga lokacin takan kawo kokon da kanta, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Kausara, ruwan dam ɗin nan fa, ba ki ganin ɗaya gaɓar sosai…"

"To, Mma, gobe ki ƙarasa mini. Na bar mutane a layi."

Mma Safia takan ce to, Allah ya ba da kasuwa, ta jira kokon ya huce.