Karsanar da Ba a Tsaga wa Kunne Ba

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Jiya aka wuce da shanu ta ƙofarmu za a kai su kasuwar Tawa, warin garke ya shigo har ɗaki, sai na ga kamar marigayi Baba ne tsaye.

Baba kiwo yake yi wa wani Alhaji a Barmu. Ladansa hatsi ne. Amma al'adar gidan, duk makiyayin da ya fitar da garke daga rani lafiya, ana ƙara masa da karsana, shi kuma ya tsaga mata kunne da shaidarsa. Wata damina, ciyawa ta rufe tudu, Alhaji ya nuna wata ja mai farin goshi, ya ce, "Waccan taka ce."

Inna ta ce, "Malam, tsaga mata kunne tun yau."

Baba ya ce, "In sa wuƙa, kamar ban yarda da maganar dattijo ba? Wane ido zan dube shi da shi?"

Ni nake kai mata dusa. Harshenta da kaushi, numfashinta da ɗumi. Inna kuwa nononta ya ƙafe, ƙanena jinjiri ne, kullum tana shafa cikin saniyar tana cewa, "Haihu mana, uwar marayu, ki shayar da mu."

Saura kaɗan ta haihu Alhaji ya rasu, lokacin bazara. Magada suka zo rabon gado, suna duba kunnuwan shanu ɗaya bayan ɗaya. Baba ya durƙusa ya faɗi abin da marigayi ya ce. Babban ɗan ya ce, "An hana ka hatsinka? Wannan ƙari ne, kyauta ce, mai kyautar kuma ya tahi." Dattawan wurin duk sun san al'ada, amma kowa ya sunkuyar da kai. Baba da hannunsa ya kwance igiyar ya miƙa.

Ƙanena bai kai lokacin kaka ba, ya rasu. Inna ba ta taɓa cewa "na faɗa maka" ba, har ta koma ga Allah. Babban ɗan ya sayar da garken, ya bi hanyar Kalfu, labarinsa ya ɓace. Baba ya ci gaba da yi wa mutane kiwo har ƙafa ta gaza, bai sake karɓar ƙari daga kowa ba.

Yau jikokina in ubangida ya yi musu alkawari, sai su ce ya sa hannu. Nakan ji kunya ta kama ni, amma ba na hana su.