Inda Kajin Dalsu Suka Zauna

Maeng Dalsu ya shafe shekara talatin da 'yan kai yana tuƙa bas tsakanin garin Gurye da ƙauyukan da ke gindin dutsen Jiri. Ya san kowace kwana a hanyar. Ya san tsohuwar da za ta tsayar da shi inda babu tasha, ya san wadda za ta shigo da buhun barkono ta rantse masa jakar hannu ce. Da ya ajiye aiki, sai ya tarar akwai wuri guda da bai san kansa ba, wato tsakar gidansa. Nan kuwa ikon matarsa ne, Seol Bunnye, wadda duk ƙauyen ke kira Maman Jino.

Bai iya zama ba. In ya tsaya a bakin rijiya ya tare hanya, in ya koma ƙofar madafa ya tare haske.

"Baban Jino," in ji ta, "ka zama turmi a tsakar gida, sai an kewaye ka. Ka nemi abin yi mana."

Ya kuwa nema. Ranar kasuwa, da kaka ta fara shigowa, ya sauko daga bas ɗin da a da shi ke tuƙa shi, rungume da kwali mai huji-huji. A ciki akwai kaji jajaye da zakara guda mai yawan tsiya. Tun a hanya ya gama zaɓa musu wuri: kusurwar kudu, inda rana ke fara sauka da hantsi, ba ta kuma barin wurin sai yamma.

Sai dai wurin da mai shi. A nan dakalin randuna yake, randunan daddawar waken suya da ruwanta, manya a baya, ƙanana a gaba. Duk ranar da gari ya yi garau, Bunnye kan buɗe murafensu su sha rana, ta bar ƙyalle mai shara-shara kawai a bakin kowace. Babbar cikinsu ta girmi aurensu, kuma ba a taɓa barin ta ƙare ba, kowace shekara ƙari ake yi a kan na da.

"Ɗan matsar da su kawai za a yi," in ji Dalsu, yana auna wurin da ido.

"Uwarka ce ta jera su a nan. Hau tudu wurin kabarinta ka nemi izininta, in ta amsa ka zo ka faɗa mini." Ta leƙa cikin kwalin, zakaran ya harare ta, ita ma ta harare shi. "Ka ji sharaɗina. Ka samo musu wurin da ƙurarsu ba za ta kai randunana ba, kafin dusar ƙanƙara ta sauka. In ba ka samu ba, ina da tafarnuwa, ina da shinkafa, ina da tukunya."

Dalsu ya san matarsa ba ta yin barazanar banza. Kajin nan kuwa, ko kwana biyu ba su yi ba ya ji ya shaƙu da su, don su ne suka mayar masa da dalilin tashi da sassafe.

Ya fara kafa akurkin a gindin bishiyar kanya. Akwai inuwa, rassa kuma sun kare su daga shaho. Maƙwabcinsa Bong Gilman, wanda Dalsu ya girme wa da kaɗan, ya jingina da katangar dutse yana kallo.

"Yaya, nan ne ruwa ke kwanciya fa."

"Kai da ba ka taɓa kiwon ko kyanwa ba."

"Ni dai na ce. Kai ne direba, ka san hanya."

Ruwan kaka ya zo, wurin ya zama taɓo, kaji suka tsaya a kan ƙafa ɗaiɗai kamar masu jiran mota. Kanya ta nuna, ta riƙa faɗowa tana fashewa a kan rufin, ƙudaje suka samu wurin biki. Duk wannan da sauƙi. Iskar da ke gangarowa daga dutse ta nan take bi ta nufi kudu. Wata rana da ya zauna cin abinci, ya tarar da ɗan jan gashin kaza an ajiye masa a gefen kwanon shinkafa, daidai kusa da tsinkayen cin abincinsa. Bunnye ta zuba masa miya, ta koma ta zauna.

"A kan ƙyallen ne ko a ciki?" ya tambaya a hankali.

"A kan ƙyallen. Shi ya sa kake shan miyar kabeji yau, ba ta kaza ba."

Washegari ya kwance akurkin ya kai shi jikin katangar arewa, nesa da randuna iyakar nisan da gidan ya bari. A can rana ba ta leƙawa sai tsakiyar yini. Kaji suka takure, suka daina ƙwai. Bayan katangar kuma tagar ɗakin kwanan Bong ce.

"Yaya," in ji Bong, idanunsa a kumbure, "zakaran nan naka ya fi ka kiyaye lokaci. Da shi aka bai wa bas ɗin, da ban taɓa makara kasuwa ba."

"Ai taimakonka yake yi, malalaci."

"To ka gaya masa na gode. Ka kuma duba ƙasan katangar, na ga tunku yana leƙe ta tsakanin duwatsu. Shi ma ya gode."

Dalsu ya toshe ramukan da laka, amma hankalinsa bai kwanta ba. Sanyi yana ƙara ƙarfi, kan dutsen Jiri ya riga ya yi fari. Ya zagaya gidan ya sake zagayawa, duk inda ya tsaya akwai aibu: nan iska, can danshi, can kuma idon Bunnye.

Ana haka ranar dafa waken daddawa ta zo. Babbar tukunyar ƙarfen da ake wannan aiki da ita tana kan tsohon murhu, a ƙarshen gidan ta gabas. Sauran ɗakuna tuni aka mayar da su ɗumin kananzir, sai wannan ɗaki guda ya rage wanda hayaƙin itace ke bi ta ƙarƙashin daɓensa ya fita ta bututu a baya. Ɗakin Jino ne, ɗansu tilo, wanda ya rasu yana saurayi bayan gajeriyar jinya. Ba su kulle ɗakin ba, ba su kuma taɓa shawarar barinsa ba. Shara ce kawai ke kai mutum ciki, murhun kuma sai ranar wake ake hura shi.

Dalsu yana ta jigilar itace, ya manta bai sakaya ƙofar akurki ba. Da ya tuna, ya ruga ya tarar wayam. Ya nufi dakalin randuna da gudu. Babu ko kaza ɗaya. Sai da ya zagaya bayan gida ya gan su, sun kwanta a jere a gindin bututun hayaƙi, sun manna jiki da bangon laka, idanu a lumshe, zakaran ma ya yi laƙwas.

Ya ɗora tafin hannunsa a bangon, ya ji ɗumi. Ya tsaya ya duba wurin da kyau. Ƙasar a bushe take, da ɗan gangare. Rumbun itace ya tare iskar dutse. Hantsi na shigowa ta gabas. Tagar Bong tana can nesa, gidan gaba ɗaya kuma ya shiga tsakanin nan da randuna. Abu guda ne ya rage, kuma ya san nauyinsa: ɗumin nan na yau ne kaɗai, sai fa in za a riƙa hura murhun kullum.

Ya koma ya tarar da Bunnye tana juya wake da babban ludayin katako, tururi ya rufe mata fuska. Ya faɗa mata abin da ya gani, bai ƙara gishiri ba. Sannan ya ce, "Amma sai an riƙa sa wuta a ɗakin yaron nan kowace yamma."

Ta ci gaba da juyawa. Ta ɗebo ƙwayar wake guda, ta murje ta tsakanin yatsu, ta duba ko ta yi laushi. Ya jira.

"Wa zai saro itacen?" ta ce.

"Ni."

"Da wannan bayan naka da kujerar mota ta lanƙwasa?"

"Bong yana da zarto, ba shi da aikin yi."

Ta goge idonta da gefen hannu, wataƙila saboda tururi. "To ba za a ɗumama daɓe don kaji kaɗai ba. Curin waken daddawar bana a ɗakin zan shimfiɗa shi ya ruɓa. Ɗumin kananzir bai taɓa kama mini wake yadda nake so ba."

"Ashe bana zan huta da kwana cikin warin wake."

"Warin da ya ciyar da kai shekara arba'in? Matsa ka ba ni wuri, tsoho."

Shi da Bong suka ɗauke akurkin zuwa wuri na uku. Suka kafa shi a jikin bangon, suka bar tazara tsakaninsa da bututun saboda tartsatsi, suka binne gindin wayar raga cikin ƙasa don tunku. Bong ya fi yawan surutu a kan aiki, amma ya zo da giyar shinkafa, aka yafe masa.

Ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka, Dalsu yana durƙushe gaban murhu yana tura itace. Bunnye ta buɗe ƙofar ɗakin, ta shimfiɗa karan shinkafa a daɓe, tana jera curin wake a kai. Can ta leƙo ta ƙaramar tagar baya, ta dubi kajin da ke tono a busasshiyar ƙasa.

"Baban Jino! Waccan mai gajeren bindin ta fi sauran rama. Kana ba ta abinci kuwa, ko kallo kawai kake yi?"

"Ita ce ba ta iya ƙwace ba."

"To ware mata nata daban. Akwai guntun kabeji a madafa, je ka ɗauko."