Goyon da Ban Yi Ba

Mu a gidanmu ɗamarar wuta muke ce mata. Ban san sunan da likitoci suka ba ta ba, ban kuma damu in sani ba, tunda sunan ba zai rage mini zafi ba. Tana farawa da suka a tsakiyar baya, kamar ƙaiƙayin gero ya shiga zane. Bayan 'yan kwanaki sai ƙuraje masu ruwa su fito a jere, su bi haƙarƙarin hagu, su zagayo har ƙarƙashin nono su tsaya. Tsofaffi suna cewa ranar da bakin nan biyu suka haɗu, sai a nemi likkafani. Tawa ba ta taɓa haɗuwa ba, ga ni har na tsufa, amma duk zuwanta sai na sa yatsa na auna abin da ya rage.

Farkon zuwanta ina budurwa a Gatawa, shekarar da fara ta cinye mana gero. Zamanin Nasara ne, masu lamba, wato masu rigakafin agana, suna yawo gari-gari, wanda duk aka gani da ƙuraje sai a ce agana ce, a kai shi bukka bayan gari. Innata ta duba bayana, ta saki asabari, ta shafa mini laka mai sanyi ta gindin randa. Amma ba masu lamba ne suka fi damunta ba. An riga an sa mini ranar aure.

"Kak ki bari dangin mijinki su ji," in ji ta. "Mutane ba su san bambanci ba. Yau su ce ƙuraje, gobe su ce kuturta ta, su ce cikin jininmu take."

Na riƙe maganar nan fiye da yadda na riƙe karatun allona. Ƙurajen suka bushe, tabon ya ɓuya ƙarƙashin ɗaurin ƙirji, aka kai ni Unguwar Lalle.

Na haifi ɗana na fari, na yi wankan jego a gidanmu, na koma ɗakina. Ban daɗe da komawa ba aka zo ɗiban mutanen aikin hanya, aka haɗa da mijina. A cikin kwanakin nan ɗamara ta dawo. Muguwar ba ta sami wurin zama a jikina ba sai daidai inda zanen goyo yake bi, daidai inda ake ƙulla majanyi.

Na gwada sau ɗaya a cikin ɗaki. Ina jan zanen na ji kamar an manna mini garwashi, yaron ya kusa suɓucewa. Daga ranar sai in ba shi nono a ɓoye, da na dama kawai, in fito in kwantar da shi kan tabarma in koma bakin turmi. In ya yi kuka surukata ta ɗauke shi ta goya.

Kowa ya san ana kunyar ɗan fari. Ba ki kiran sunansa, ba ki yi masa wasa a gaban mutane. Amma goyo kam kowace uwa tana yi, ko da tana ɗaure fuska. Ni da aka ga ko goyon ba na yi, sai aka ɗauka kunyata ce ta fi ta kowa.

"Wagga yarinya akwai kumya," surukata take gaya wa duk wadda ta shigo. "Ko kallonai ba ta yi."

Sai in sunkuyar da kai, su kuma su ce, kun gani ko. Har aka riƙa yi wa amaren unguwa gori da ni. Wata ta daina gaishe ni a bakin rijiya saboda haka, ban kuma ga laifinta ba. Yabon nan ya fi ƙurajen ƙona ni. Ina daka ina satar kallon ƙafafunsa suna lilo a kwankwason tsohuwa, kamar in jefar da taɓarya in fizge shi.

Ƙurajen sun warke, zafin bai tafi ba. Wata da watanni fatar wurin ko iska ba ta so. Ina kwana a gefe ɗaya, ina sassauta ɗaurin zane, in na shiga makewayi in jiƙa tsumma in ɗora. Da na fara samun sauƙi, sai na tarar sunan da aka ba ni ya ɗaure ni. Da wane ido mai kunyar Unguwar Lalle za ta fito da goyo? Ina ta cewa gobe, har lokacin yaye ya matso, ɗamara ta sake dawowa da zafin bazara.

A lokacin ne yayar mijina ta zo daga Isa. Mace ce mai yawan dariya, Allah bai ba ta haihuwa ba. Ta kwana biyu tare da mu, kullum yaron yana bayanta. Wata rana ina tankaɗe na ji surukata tana ce mata:

"Tunda uwatai ba ta kula shi, ki tahi da shi ki yaye, ki riƙe abinki."

Ba wanda ya tambaye ni. Ba a tambayar uwa a kan ɗan fari, ko an tambaye ta shiru ake so ta yi. Na ci gaba da tankaɗe garin da ya riga ya tankaɗu.

Ranar tafiya za su bi masu jakuna da suka taso daga kasuwar Sabon Birni. Na ce zan yi rakiya. A bakin zaure Yaya ta duƙa a aza mata yaron, ni kuwa zuciya ta ɗebe ni, na riga surukata kai hannu.

"Ni za ni goya shi," na ce.

Matan gidan suka kwashe da dariya, wata har da guɗa. Na aza shi, na ja zane, na ƙulla majanyi a kan ƙurajen da suka cika da ruwa. Ban faɗi ba. Abin da ban shirya masa ba shi ne yaron. Ya sandare, ya tsala ihu, yana miƙa hannu wajen kakarsa. Bai san bayana ba.

Haka muka ratsa gonaki, yana kuka yana dukana da kai daidai kan ciwon. Na ji ƙurajen suna fashewa, ruwa yana bin haƙarƙarina. Na ƙi tsayawa har gindin tsamiyar da masu rakiya suke juyawa. Nan na kwance majanyi, Yaya ta sauke shi, amma zanen ya ƙi rabuwa da fatata. Ta leƙa ta gani. Ta ware mayafinta ta kare ni daga idon masu jakuna, ta riƙa tsiyaya ruwan gora tana ɓamɓare zanen a hankali.

"Tun yaushe?"

"Tun ina gida."

"Wanga abu na kika ɓoyo?" Ta riƙe baki. "Ke ƙanwata, babanmu har yam mutu yana hwama da ita. Inna ka yi mai magani da hannunta. Wa yac ce miki abin kumya na?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata. Ashe tsohuwar da nake ɓoye wa bayana ta fi kowa sanin ciwon, maganinsa ma yana rataye a ɗakinta.

Yaya ta daɗe tana kallona, dariyar nan tata duk ta gudu.

"In kin ce in bar shi, za ni bar shi," ta ce. "Ɗanki na."

Na juya neman yaron. Ya riga ya zagaya ya kama zanenta ta baya, yana ƙoƙarin hawa. Ta duƙa ba tare da ta sani ba, yadda jiki ya saba, ya haye. Kafin ta gama ƙulli ya kwantar da kai, yana ajiyar zuciya, idonsa yana lumshewa.

"Ku tahi, Yaya," na ce. "Rana na yi."

Da na koma gida na kwance zanena a gaban surukata. Ta yi salati, ta yi mini faɗa, ta tashi ta jiƙa saiwoyi. Har ta rasu ita take yi mini magani duk zuwan ɗamara, ba ta kuma taɓa faɗa wa kowa ba, don ta ga ba na so.

Yaron kuwa a Isa ya girma. In ya zo gaishe ni yakan durƙusa daga bakin ƙofa, ya tambayi jikina da ladabi, ya tashi. Matan unguwa har yau cewa suke yi ba su taɓa ganin uwa mai kunya irina ba.