Garin da Teku Ke Ci

Tafiyarmu ta samo asali ne daga shekarar da surukina ya rasu aka raba gonarsa. Ƙauyenmu yana tsakanin Bici da Kunci, inda gona ke manne da gona, ba ka ganin ko tafin hannu na fili da ba mai shi. Maza suna da yawa a gidan, mata ma da nasu rabon. Da aka gama jan igiya, abin da ya zo hannun maigidana bai wuce ya nome shi kafin hantsi ba. Geron da muka samu a daminar farko bai kai mu tsakiyar rani ba.

Dama Malam, maigidan nawa, ya iya fawa, a wurin kawunsa ya koya. Sai ya bi tirelar shanu zuwa kudu. Ya daɗe yana yawo kafin ya zauna a wani ƙaramin gari na masunta a bakin teku, inda mutanen birni ke zuwa shan iska ranakun hutu. Ya kafa tukuba yana tsire. Da ya ga abin ya fara kama ƙasa, ya zo ya ɗauke ni, ni da 'yarmu wadda a lokacin ba ta daɗe da yaye ba.

Ƙarnin ruwan na fara ji tun muna cikin mota, sannan ƙarar. Na ɗauka wani babban inji ne ke aiki a bayan gari. Da muka sauka ya ce in zo in gani. Babban ruwan da na taɓa sani shi ne dam ɗin Watari, wanda ko ina ka tsaya kana hango ɗaya gefen. Wannan ba shi da gefe. Ya taso ya zube, ya ja da baya, ya sake tasowa, ba hutu. Na ƙanƙame yarinyar a bayana.

Na ce, "Malam, haka yake yi kullum?"

Ya yi dariya ya ce, "Yau ma yana cikin lafiya ne. Za ki saba."

Ɗakinmu na katako ne, an ɗora shi a kan turaku, ta tsakanin katakan kana ganin yashi a ƙasa. Komai na ƙarfe da na zo da shi daga gida tsatsa ta kama shi, har kwanukan aurena. Wanki ya yini a igiya amma in ka taɓa shi da danshi. Rijiyar unguwar zartsi ce, sabulu ba ya kumfa a ciki, ruwan sha kuwa sai an saya a jarka. Na zo da irin yakuwa da rama a ƙulle a gefen zane. Na shuka su a tsohon bokiti, suka tsiro, iskar gishiri ta ƙone ganyen tun suna ƙanana. Na sake shukawa, haka. Daga nan na haƙura.

Wadda ta sa zaman ya yiwu mini ita ce maƙwabciyarmu, wata tsohuwa 'yar asalin garin mai bandar kifi. Ta taɓa zama a Sabon Garin Kano da mijinta tun tana da ƙuruciya, saboda haka tana jin Hausa gwargwado. Mama nake ce mata, ita kuma ta ce mini 'yata. Ta koya mini feɗe kifi da jera shi a kan waya, da irin itacen da hayaƙinsa ba ya sa ɗaci. Ni kuma in yi mata tuwo da miyar kuka in an kawo mana kuka daga gida. Tana ci tana cewa yawun bakinta ya tuna Kano.

Ba zan ce ba mu ji daɗi ba ko kaɗan. Lokutan bukukuwa garin yana cika, motoci har bakin yashi, kiɗa ko ta ina. Malam yakan sayar da naman duka tun rana ba ta faɗi ba. Yarinyar ta yi ƙiba, ta yi baƙi sul, tana bin ƙananan ƙaguwa da gudu har su shige raminsu, ta tsaya tana yi musu faɗa. Yaren garin ta fara ji kafin ni. In mun je kasuwa ita ke gaya mini abin da mai sayar da garin rogo ta ce.

Wata ranar da ruwa ya janye, muna shanya kifi, Mama ta nuna mini wani abu baƙi can cikin teku, yana leƙowa yana nutsewa.

Ta ce, "Kin ga wancan? Bakin rijiyar gidan babana ne. A nan aka haife ni. Gabansa akwai kasuwa, gaban kasuwa akwai filin ƙwallo."

Na ce, "Mama, duk a cikin ruwan nan?"

Ta ce, "Duka. Wannan ɗakin da kike gani shi ne na uku da na gina. Ba na sa masa ƙofa mai kyau yanzu."

Tun daga ranar na fara lura. Bishiyoyin kwakwar da ke bakin gaɓa, saiwoyinsu duk a waje suke kamar an tone su. Yau ka ga ɗaya ta karkata, bayan 'yan kwanaki ka tarar da ita kwance ruwa yana wasa da ita. Mutanen garin ba sa ko tsayawa kallo. Su sare ganyen su yi jinka, su ja ɗakunansu baya kaɗan.

A damina ta uku da zuwana teku ya yi tashin da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Da rana tsaka ne, ba ma ruwan sama ake yi ba. Ya haura gaɓa ya kwashe rumfunan masu saye da sayarwa gaba ɗaya, har da tukubar Malam da bencinansa. Ya shigo unguwa ya bi ƙarƙashin ɗakuna, ya cika masai, ya cika rijiyoyi, komai ya haɗu. Hanya ɗaya ce ke shigowa garin, ita ma ya yanke ta a wurin wata 'yar gada. Da ruwan ya koma, ya bar mana wari da ƙudaje.

Cikin makon ne amai da gudawa ya shiga unguwa. Yarinyar ta tashi da safe lafiya, har ta sha koko. Kafin azahar ba ta iya tsayuwa. Mama ta haɗa ruwan gishiri da sukari muna ɗura mata, yana dawowa. Asibiti yana garin gaba, mota kuma ba ta shigowa. Malam ya samo wani masunci ya yarda zai kai mu a kwalekwale ta cikin fadama. Ina riƙe da ita a cinyata, ina kare mata rana da mayafi. Idanunta sun faɗa. Ta ce mini tana son ruwa, na ba ta, ta kurɓa kaɗan. Muna hango kwanon asibitin na ji jikinta ya saki.

Na ce, "Malam, duba mini ita."

Ya sa hannu a ƙirjinta, ya daɗe bai ɗauke ba. Sai ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya juya ya yi wa mai kwalekwalen alama da hannu mu koma.

Musulmin garin ba su da yawa, 'yan arewa ne masu fawa da masu shayi da 'yan ƙasar kaɗan. Suna da ƙaramin masallaci da maƙabarta a bayansa, a kan wani ɗan tudun yashi. Can aka kai ta. Ni da matar liman muka yi mata wanka. Bayan kwana bakwai Malam ya tsayar da ni daga nesa ya nuna mini wurin, kusa da wata kwakwa mai lanƙwasa. Kullum in zan je sayen ruwa ta wannan hanyar nake bi, ko da ta fi nisa, in tsaya in yi mata addu'a in wuce.

An gyara gadar daga baya, amma baƙi ba su dawo kamar da ba. Ba wurin zama, yashin da suke shimfiɗa tabarma a kai ya tafi. Malam ya koma yawo da tire a ka, yana bin masunta in sun dawo daga kamu. Mutumin da ke da kifi a kwando ba ya damuwa da tsire. Sau da yawa da naman yake dawowa, mu ci wanda za mu iya, sauran in yi banda.

Damina ta zagayo, teku ya matso bayan masallaci. Maza suka yi ta cika buhuna da yashi suna jerawa. Su jera yau, gobe su tarar rabi ya tafi. Liman ya tara su ya ce lalura ta sa a tono mamatan da za a iya tonowa, a mayar da su can cikin tudu inda mai garin ya ba da wuri. Aka sa ranar Asabar, don a samo likkafani da masu taimako. Ranar Alhamis da hantsi na ji ana kiran maza da ƙarfi. Malam ya fita ko takalmi bai sa ba.

Ni ma na bi, na tsaya inda na saba tsayawa. Gefen tudun yana zaftarewa kamar ana yankan tuwo. Maza suna cikin ruwa har ƙugu, suna tono da shebur da hannu. Sun samu sun fitar da wasu daga layin baya. Layin gaba, inda yara suke, ya riga ya tafi. Kwakwar nan mai lanƙwasa na gan ta tana juyawa a cikin kumfa. Malam ya yi ta shiga yana lalube, igiyar ruwa tana maka shi da ƙasa yana tashi, sai da mutum biyu suka riƙe shi suka fito da shi.

Ya zo ya tsaya a gabana, rigarsa tana ɗiga, yatsunsa duk sun fashe. Bai samo ta ba. Mama ce ta kama hannuna ta mayar da ni ɗaki.

Bayan 'yan kwanaki na ce masa, "Malam, mu koma gida."

Ya ce, "Mu koma mu ci me?"

Na ce, "Ko me ne. Ba zan iya kwana ina jin ƙarar nan ba."

Ya ce, "Ki je. In na samu abin da zan riƙe, zan biyo ki."

Na dawo ni kaɗai a motar masu kayan gwari. Na tarar yayan Malam ya gina wa ɗansa ɗakin aure a rabin gonarmu, sauran rabin yana shuka gyaɗa. Ba da mugunta ya yi ba, gidansu ya cika, ba inda za a sa amarya. Ya zo ya gaishe ni ya yi mini ta'aziyya, kansa a ƙasa, ya ce in ƙaninsa ya dawo za su zauna su yi magana. Mun san babu abin da maganar za ta haifar.

Surukata ta tsufa, idonta ya yi rauni. Ta jawo ni kusa ta shafa fuskata.

Ta ce, "An dai sa wa kabarin yarinyar alama ko? Don in ubanta zai taho ya san inda ya bar ta."

Na ce, "An sa, Inna."

Har ta rasu ban gaya mata ba, kuma na roƙi Malam kada ya faɗa.

Yanzu ina gidanmu, a ɗakin da na tashi, tare da ƙannena mata da 'ya'yan yayyena. Ina ɓarar gyaɗa da surfe a gidajen mutane. Malam bai dawo ba. Ya bar wancan garin ya koma na gaba, daga can ma ya sake matsawa. Yakan kira in ya samu caji, mu gaisa, ya tambayi ruwan sama, in tambayi kasuwa, kowa ya ce da godiya. Ya gaya mini masallacin ya tafi. Mama kuma 'ya'yanta sun ɗauke ta zuwa birni, ba ta so ba, an ce ba ta daɗe ba a can.

Bayan girbin bana wasu samari biyu daga unguwarmu suka yi sallama a ƙofar gida. Sun yi aure, gonar ubansu ba ta isa a raba ba. Sun ji an ce na zauna a bakin teku, suna so in gaya musu motar da ake shiga da inda ake sauka. Na sa aka shimfiɗa musu tabarma a zaure, na tsaya daga bayan ƙofa na ba su labari tun daga rijiyar zartsi har zuwa ranar Alhamis ɗin nan. Suka saurara, ba wanda ya katse ni.

Da na gama, babban ya ce, "Allah ya jiƙanta, Yaya. To amma a nan ɗin me za mu zauna mu yi?"

Na gaya musu tashar da za su je a Kano, da garin da za su canja mota, na ce su riƙa tafasa ruwa kafin su sha. Sati bai cika ba suka tafi.