Ranar da Na Tona Asirin Sarewar Babana

Ina ajin farko na sakandare aka sa kowannenmu ya sayi sarewar roba, farar nan mai huda takwas da muke kira fulut. Malamin kiɗa ya ce a ƙarshen zango kowa zai tsaya gaban aji ya busa waƙa guda. Ni kuwa in na kafa baki, sai ka rantse an taka wutsiyar kyanwa. Kwana uku mahaifiyata ta jure, a na huɗu ta ce in kwashi tsiyata in je in dami wasu.

Sai na koma magazar babana, wato shagonsa, a unguwar Adjamé Liberté ta Abijan, ran Lahadi da rana, lokacin da ciniki ya yi sanyi. Babana ɗan kasuwa ne mai shigo da atamfa da takalma, mutum mai kamewa, ko dariya ba ya yi da ƙarfi. A shekarar ma dattawan 'yan kasuwarmu suna maganar sa shi cikin masu sasanta rigima, kuma na san yana so, don ya ɗinka sababbin riguna har biyu. Ina bayan dilolin atamfa ina ta fama, sai na ga inuwarsa a kaina. Na ɗauka faɗa zan sha.

"Miƙo nan," ya ce. "Kana hura ta kamar mai hura gawayi."

Ya leƙa waje, ya ja ƙofar ƙarfe har rabi, ya goge bakin fulut ɗin da hannun riga. Abin da ya fito ban taɓa jin irinsa ba. Waƙar wani tsohon fim ɗin Indiya ce, tana hawa a hankali, ta tsaya kamar za ta yi kuka, sannan ta gangaro. Na saki baki.

"Papa, dama ka iya?"

Sai ya yanko bututun roba na wayar lantarki, ya gasa ƙusa a garwashin kurfoti, ya huda shi wuri shida, ya toshe gefe ɗaya da guntun silifa. Ya ce wannan tasa, in riƙe tawa. Daga nan kowace Lahadi muna bayan diloli. Bai san do-re-mi ba, yatsunsa kawai nake kallo. In na yi gaggawa sai ya ɗan make ni a gwiwa ya ce waƙar ba motar haya ta gbaka ba ce, ba inda za ta. A nan ne ya ba ni labarin zuwansa Abijan yana saurayi, ba shi da kowa. A silimar Treichville ya ji waƙar har ta zauna masa, ya riƙa busa ta a tashar mota ta Gare de Bassam, fasinja suna jefa masa abin da zai ci abinci.

"Wannan tsakanina da kai ne," ya ce. "Ko uwarka ba ta sani ba."

Na ce to. Amma a raina na ɗauka tawali'u ne irin na manya. A lakwal, wato makaranta, an koya mana cewa mai fasaha abin alfahari ne, kuma rashin ladabi ne ka ɓoye sunan wanda ya koya maka. Hausata ma a lokacin rabi da rabi ce, balle in san cewa a wurin mutanenmu mai busa maroƙi ne, ana jin daɗinsa, ana ba shi, amma ba a ɗora shi kan tabarmar shari'a.

Ran jarrabawa na fi kowa maki. Kaina ya kumbura, na koma yawo da fulut a aljihu kamar ɗan sanda da usur.

Juma'ar da ta biyo na bi babana Treichville, inda 'yan kasuwa ke haɗuwa bayan masallaci su ci abinci a ƙofar shagon wani dattijo. Wani alhaji mai ƙiba, wanda shi ma yake neman kujerar nan ta sasanci, ya hango abin a aljihuna.

"Peti, kai yaro, mene ne wannan? Zo ka busa mana mu ji abin da ake koya muku."

Babana ya kalle ni. Na ga kallon sarai, na yi kamar ban gani ba. Na busa. Kafin in kai rabi tsofaffin nan sun bar loma, wani yana kaɗa kai, wani yana bin waƙar da hanci, kowa ya tuna ƙuruciyarsa. Da na gama aka yi ta sa mini albarka.

"Kai, wannan ba ta lakwal ba ce," in ji alhajin. "Wa ya koya maka?"

"Papa ne! Ya fi ni iyawa nesa ba kusa ba. Da can ma a Gare de Bassam yake busawa, mutane suna ba shi kuɗi."

Har da nuna shi da hannu na yi. Sai dariya ta ɓarke. Alhajin ya tashi da ƙyar, ya ciro takardar kuɗi, ya manna wa babana a goshi kamar yadda ake yi wa makaɗa a gidan biki.

"Ashe da maroƙi muke cin tuwo ba mu sani ba! To, a wasa mu mana, Alhaji."

Babana ya yi murmushi. Ya cire takardar, ya ajiye ta a gefen tire, ya wanke hannunsa alhali bai ƙoshi ba. Sai a lokacin na gane ɓarnar da na yi. Na so ƙasa ta tsage in shige.

A gbaka muna komawa, cunkoso ya riƙe mu a Indénié kusan awa guda, ya kafa wa taga ido. Da ya mare ni da na fi samun sauƙi. Kujerar sasanci aka ba wancan alhajin, kuma shekaru ana kiran babana Mai Sarewa a bayan idonsa, wani lokaci a gabansa. Ran Lahadi na je magaza na tarar da ƙofa a buɗe har sama, yana zaune a bakinta yana jan carbi. Na tsaya, na tsaya, na juya. Haƙuri ma ban iya ba shi ba, don ban san da wane baki zan fara ba, kuma har yau ban ba shi ba.

Bara 'yata ta shiga sakandare, aka sa ta sayi tata fulut. Muka je gaishe da babana, ya tsufa, yana kishingiɗe a falo. Ta haye kusa da shi tana ƙyaƙ-ƙyaƙ da abin, ta tura masa a hannu.

"Kaka, kai ka iya?"

Ya juya sarewar, ya duba hudojin ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe. Ni kuwa ina roƙon Allah ya kai ta baki. Sai ya mayar mata.

"A'a, ni ɗan kasuwa ne," ya ce. "Tambayi babanki."